Na ɗaga MaxRequestWorkers zuwa 1000, sai sabar ta sume gaba ɗaya: wace lamba ce daidai?

Tambaya: Ina da sabar haya mai RAM gigabait 4 da CPU mai kor biyu. Ubuntu ce a kanta, da Apache 2.4, da PHP, da MySQL, duk a na'ura ɗaya. Da zarar masu ziyara sun yi yawa sai shafin ya tsaya cak, in kuma ga "server reached MaxRequestWorkers setting" a kundin kurakurai. Lambar tana 150, na mayar da ita 1000, ServerLimit ma haka. Tun daga ranar, maimakon tsayawar minti ɗaya ko biyu, sabar gaba ɗaya ke sumewa, ko SSH, hanyar da nake shiga sabar daga nesa, ba ya shiga sai na kashe ta na kunna. Wace lamba ce daidai? Kuma tsakanin tsare-tsaren aikin Apache ukun nan, prefork da worker da event, wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, tun kafin ka gama karanta wannan amsar ka je ka sauke lambar nan. Mayar da ita 40, ka tsayar da Apache gaba ɗaya, sannan ka sake tayar da shi. Na san za ka ji abin banbaraƙwai: kana kukan wuri ya yi kaɗan, ni kuma ina cewa a ƙara matse shi. Amma garin neman ƙiba ne ka samo rama, kuma ban ga laifinka sosai ba, domin ƙarshen saƙon nan da ka gani, Apache da kansa yake ba ka shawarar ka ɗaga lambar. Apache bai san yawan RAM ɗinka ba, bai san MySQL na zaune da shi a gida ɗaya ba. Abin da ya sani kawai shi ne ma'aikatansa sun ƙare, wato masu amsa buƙatun masu ziyara, waɗanda MaxRequestWorkers ke ƙayyade yawansu.

Mutane da yawa suna ɗaukar MaxRequestWorkers kamar totur, wai in ka ƙara ta sai gudu ya ƙaru. Birki ce. Aikinta ta hana sabar ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. A da, birkin na kamawa, mutane su ɗan jira, abin ya lafa. Yanzu ka cire birkin.

Bari mu yi lissafin abin da ya faru. Ina da yaƙinin kana kan prefork, saboda a Ubuntu in ka saka PHP ta hanyar libapache2-mod-php, prefork ɗin ake kunna maka ko ba ka nema ba. Buga `apache2ctl -V` ka duba layin da ke cewa Server MPM, za ka gani da idonka. A prefork, kowane haɗi guda yana cin furoses guda sukutum, wato kwafin Apache mai zaman kansa a cikin RAM, kuma kowane furoses yana ɗauke da injin PHP a cikinsa, ko da ɗan hoton tambarin shafi aka aike shi ya kawo. Mu ce kowane ɗaya na cin megabait 50, wanda ba abin mamaki ba ne ga manhajar PHP mai ɗan nauyi. Furoses 150 sun kama gigabait 7 da rabi. Ka ga tun asali ma 150 ɗin ta fi ƙarfin na'urarka, kawai dai ba kasafai dukansu ke kumbura a lokaci ɗaya ba, shi ya sa kake tsira. Furoses 1000 kuwa gigabait 50 ke nan, a na'ura mai 4.

In RAM ya cika, kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin aikin, zai fara kwashe abin da ke ciki yana zubawa a suwaf, wato a kan diski, wanda saurinsa bai kama ƙafar na RAM ba. Buƙatar da ke ƙarewa cikin sulusin daƙiƙa sai ta koma daƙiƙa goma. Tunda ba ta ƙare ba, furoses ɗinta bai saku ba. Sabon mai ziyara ya zo, Apache ya haifi wani furoses, shi ma ya ci nasa RAM ɗin, jinkirin ya ƙaru. Mai ziyarar da ya gaji da jira ya sake danna shafin, ga wata buƙatar a kan ta farko. Haka abin ke cin kansa har SSH ɗinka ma ya rasa inda zai sa ƙafa. A ƙarshe kanel ya zaɓi wanda zai kashe don ya sami sarari, kuma yawanci mafi girma yake ɗauka, wanda a irin na'urarka MySQL ne. Tunda ka kashe ta ka kunna, duba `journalctl -k -b -1`, wato kundin tashin da ya gabata, ka nemi "Out of memory". Ina kyautata zaton za ka tarar da sunan mysqld a wurin.

Daga ina 40 ta fito? Gigabait 4 ne gaba ɗaya. Ware wa tsarin aiki da ƙananan hidimominsa kamar megabait 500, MySQL gigabait 1, ka bar wani megabait 500 ɗin babu mai taɓa shi, saboda kash ɗin fayiloli, wato ajiyar wucin gadi don sauri, da ranar da abu zai zo ba zato. Saura kusan 2000. Raba da 50, ka sami 40. Hamsin ɗin nan misali na bayar, taka lambar sai ka auna. In za ka auna, kada ka tara abin da `ps` ke nunawa a RSS, ginshiƙin RAM ɗin kowane furoses, kai tsaye, domin yana ƙirga wa kowane furoses abin da suke tarayya a kai, kamar OPcache, ma'ajiyar lambobin PHP da aka riga aka sarrafa, sai jimlar ta kumbura fiye da gaskiya. Ko dai ka yi amfani da `smem` ka dubi PSS, wanda ke raba abin tarayyar a tsakaninsu, ko ka bi hanya mai sauƙi: duba available a `free -m` lokacin da gari ya yi tsit, ka sake dubawa lokacin cunkoso, ka raba bambancin da yawan furoses ɗin da suka ƙaru. Kuma kada ka auna furoses sabon tashi. Bari ya yi wasu awanni yana aiki, a nan ne girmansa na gaskiya ke fitowa.

Wannan ya tsayar da zubar jini. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ba ka yi ba: me ya sa 150 ɗin ta cika tun farko? Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wata ƙa'ida ta lissafin layin jira da John Little ya tabbatar a 1961, kuma duk mai kula da sabar ya kamata ya haddace ta. Yawan ma'aikatan da ke kan aiki daidai yake da yawan buƙatun da ke shigowa a daƙiƙa, sau tsawon lokacin da kowace buƙata ke ɗauka. In buƙata 20 ke shigo maka kowace daƙiƙa, kowacce na ƙarewa cikin daƙiƙa 0.3, ma'aikata 6 kacal ke aiki a kowane lokaci. Shida! Amma in wani abu ya sa buƙatun suka koma daƙiƙa 8, da masu ziyara iri ɗaya ba ƙari ko mutum guda, kana buƙatar ma'aikata 160. Saboda haka cikar MaxRequestWorkers sau da yawa ba yawan jama'a take nunawa ba, tana nuna cewa kowane ma'aikaci na daɗewa a riƙe. Aikinka ka gano abin da ke riƙe su.

Kunna mod_status, ka taƙaita shi ga adireshinka kawai, ka buɗe /server-status lokacin da abin ke faruwa. Za ka ga wani allo na haruffa, kowane harafi ma'aikaci ɗaya ne. W na nufin yana sarrafa buƙata ko yana aika amsa. R yana karanta buƙata. K yana zaune yana jiran ko burauza za ta sake neman wani abu. Alamar _ kuma ma'aikaci ne da ba shi da aiki.

In K ta mamaye allon, KeepAlive ne ke cinye ka, kuma a prefork wannan ɓarna ce babba. Burauza a HTTP/1.1 tana buɗe haɗi har 6 zuwa shafi ɗaya don ta kwaso hotuna da sauran fayiloli tare. Ta gama kwasa, Apache ya ci gaba da riƙe kowane haɗi na daƙiƙa 5, wato KeepAliveTimeout na asali. Yanzu lissafa: mutum 25 sau haɗi 6, 150 ke nan cif. Mutum 25 da suka shigo cikin 'yan daƙiƙu ɗaya sun isa su ƙarar da ma'aikatanka duka, alhali ma'aikatan ba aikin komai suke yi ba, zaune suke kowa ya rungume megabait 50 yana jiran wanda watakila ma ya riga ya rufe wayarsa. Ƙara da masu intanet mai rauni: hoton da sabar ta shirya cikin ƙiftawar ido, wayar mai ziyara na jan sa daƙiƙa goma, furoses ɗin na tsaye a kansa har ya gama.

In kuwa W ce ta cika allon, matsalar tana bayan Apache. Na taɓa kwana a kan wata sabar da ke tsayawa kullum da yamma. Masu ita sun riga sun ninka RAM sau biyu, abin bai sauya ba. Da na buɗe allon, W ce layi-layi, CPU kuwa na hutawa, ko kashi goma bai kai ba. Ginshiƙin SS, wanda ke nuna daƙiƙun da suka wuce tun fara buƙatar, yana nuna 40, 50, 58. Ashe kowane shafi yana kiran wata hidima ta waje don ya ɗauko ɗan wani bayani da ake liƙawa a gefe, kuma wanda ya rubuta kiran bai sa masa wa'adi ba. Hidimar can ta yi nauyi da yamma, ma'aikatan nan duka su tsaya suna jiranta. Layi biyu muka gyara, wa'adin daƙiƙa 2 da kuma ajiye amsar na minti goma. Ba mu taɓa MaxRequestWorkers ba.

To, yanzu batun zaɓi tsakanin ukun. Prefork shi ne tsohon tsari tun zamanin Apache 1.3: furoses ɗaya, haɗi ɗaya. Alherinsa shi ne kowa na ɗakinsa, in ɗaya ya faɗi bai ja kowa ba, kuma manhajar da ba ta jure aiki da zare da yawa (zare ƙaramin ma'aikaci ne a cikin furoses) tana zaune lafiya a cikinsa. Dalilin da ya sa mod_php, wato PHP ɗin da ke zaune a cikin Apache, ke manne da shi ke nan. Worker ya zo da Apache 2.0 a 2002: furoses kaɗan, kowanne da zare da yawa a ciki, kowane zare na riƙe haɗi ɗaya. Zare ya fi furoses arha nesa ba kusa ba, amma har yanzu haɗin da ke zaman jira yana riƙe da zarensa. Event ya fara a matsayin gwaji a 2.2, ya zama abin dogaro a 2.4 da ta fito a 2012. Bambancinsa da worker abu ɗaya ne, amma shi ne abin: da zarar an amsa buƙata, zaren ya miƙa haɗin ga wani zare mai gadi guda ɗaya a furoses ɗin, wanda ke sa ido a kan ɗaruruwan haɗi ta hanyar epoll, shi kuma ya koma ya karɓi wani aikin. K ɗin nan ta daina cin ma'aikaci.

Ban ga dalilin da zai sa wani ya zaɓi worker a yau ba in event na nan. Prefork kuwa sai dole, in akwai wata tsohuwar manhaja da ba ta rabuwa da shi. Ka sani kuma tun Apache 2.4.27, HTTP/2 ba ya aiki a kan prefork, alhali HTTP/2 ne ke sa burauza ta wadatu da haɗi ɗaya maimakon shida.

Shawarata gare ka: event, tare da PHP-FPM, wato hidimar da ke gudanar da PHP a wajen Apache da nata ma'aikatan. Hikimar ita ce ka raba aiki biyu da prefork ya cakuɗa. Riƙe haɗi aiki ne mai arha, ana iya yin dubbai. Gudanar da PHP aiki ne mai tsada, 'yan kaɗan na'urarka ke iyawa a lokaci guda. In ka raba su, kowanne ya sami iyakar da ta dace da shi. A Ubuntu, ka saka php-fpm, ka kashe mod_php da mpm_prefork da `a2dismod`, ka kunna mpm_event da proxy_fcgi da setenvif da `a2enmod`, sannan ka kunna saitin FPM ɗin da `a2enconf`. Hattara da abu ɗaya: in akwai layukan php_value a cikin .htaccess, za su jawo kuskuren 500 da zarar mod_php ya tafi, sai ka mayar da su .user.ini ko saitin FPM. Ka gwada a wata na'ura tukuna in da hali.

Ga inda zan fara a ɓangaren Apache:

```
StartServers            2
ServerLimit             16
ThreadsPerChild         25
MaxRequestWorkers       150
MinSpareThreads         25
MaxSpareThreads         75
MaxConnectionsPerChild  10000
KeepAliveTimeout        5
Timeout                 30
```

Ka ga 150 ta dawo, amma yanzu zare 150 ne a cikin furoses 6, babu PHP a cikinsu, RAM ɗin da suke ci duka bai taka kara ya karya ba. Dole MaxRequestWorkers ta rabu da ThreadsPerChild ba saura, kuma kada ta wuce ServerLimit sau ThreadsPerChild. In ka saɓa, Apache zai gyara lambar da kansa ya rubuta gargaɗi a kundi, kai kuma kana can kana zaton taka ce ke aiki. Na bar ServerLimit a 16 duk da 6 ake buƙata, da gangan. Lokacin da aka sake loda saiti, ko furoses ya cika adadin haɗinsa zai yi ritaya, tsohon yakan daɗe yana sallamar sauran haɗin da ke hannunsa, kuma yana riƙe da gurbi. In babu gurbin rara, za ka ga saƙon "scoreboard is full, not at MaxRequestWorkers". ThreadsPerChild ba ta wuce ThreadLimit, wadda asalinta 64 ce. Kuma ServerLimit da ThreadLimit ba sa jin sake lodi mai laushi. Sai ka tsayar da Apache ɗungurungum ka tayar. Mutane da yawa sun ɓata dare guda a kan wannan kaɗai.

Timeout ɗin Apache 2.4 na asali daƙiƙa 60 ne, amma fayil ɗin da Debian da Ubuntu ke zuwa da shi 300 ya sa. Minti biyar ana jiran haɗin da ya yi shiru, wannan ya yi yawa. Ka kuma tabbata mod_reqtimeout na kunne. Shi ne maganin harin nan na Slowloris da ya bayyana a 2009, inda na'ura ɗaya ke buɗe haɗi da yawa tana ɗigo da buƙatarta harafi-harafi har ma'aikata su ƙare. In ka ga R ta cika allo daga adireshi ɗaya ko biyu, shi ne.

Birkin gaske yanzu ya koma PHP-FPM, kuma nan ne ya kamata ka fi ba hankalinka:

```
pm = static
pm.max_children = 20
pm.max_requests = 500
request_terminate_timeout = 30s
request_slowlog_timeout = 3s
slowlog = /var/log/php-fpm-slow.log
pm.status_path = /fpm-status
```

Saitin da FPM ke zuwa da shi 5 ne a pm.max_children, ya yi kaɗan ga kusan kowa. Amma me ya sa na ce 20, bayan RAM ya yarda da 40? Saboda RAM rufi kawai yake nuna maka, CPU ma na da nasa. Kor biyu gare ka. In kowace buƙata na cin daƙiƙa 0.1 na CPU, iyakarka buƙata 20 a daƙiƙa, ko ma'aikata dubu ka ajiye. Ƙarin ma'aikata yana da amfani ne kawai gwargwadon lokacin da suke ɓatawa wajen jiran rumbun bayanai ko diski, domin yayin da wani ke jira wani ya hau CPU. Da ka wuce nan, duk wanda ka ƙara rabon wasu yake ragewa: mutum arba'in su yi ta jan ƙafa tare, maimakon ashirin su gama da wuri ashirin su biyo baya. Na fi son static a na'urar da aikinta ke nan, don RAM ɗin da za a ci a ci shi tun yanzu ina gani, kada ya ba ni mamaki da tsakar dare. Dynamic da ondemand suna da wurinsu, inda shafuka da yawa marasa cunkoso ke raba na'ura ɗaya.

Kada ka ce ai max_execution_time na PHP zai kare ka daga buƙatar da ta maƙale. A Linux ba ya ƙirga lokacin da aka ɓata ana jiran rumbun bayanai ko amsar wata sabar, lokacin aikin PHP ɗin kansa kawai yake ƙirgawa. Shi ya sa na sa request_terminate_timeout, wanda agogon bango yake bi. Slowlog kuwa, a wurina, ya fi duk sauran layukan daraja: duk buƙatar da ta wuce daƙiƙa 3, zai rubuta maka fayil da layin da take tsaye a kai a daidai lokacin. Gani ya kori ji.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa game da event: zaren da ya miƙa buƙata ga FPM yana nan tsaye har amsa ta dawo. Saboda haka in PHP ya cushe, zare 150 ɗin za su iya cika da masu jira, har hotuna ma su daina fita. Event bai warkar da jinkirin manhaja ba, kuma babu tsarin da zai warkar.

Sai rumbun bayanai. MySQL na zuwa da max_connections 151, PostgreSQL 100. Lokacin da ka sa 1000, ko da RAM ya isa, da ka ci karo da kuskure 1040, "Too many connections". Ƙa'idar ita ce iyakoki su riƙa tsukewa yayin da kake shiga ciki: haɗi dubbai a bakin ƙofa, zare ɗari da wani abu, ma'aikatan PHP ashirin, kuma rumbun bayanai ya iya ɗaukar dukan ma'aikatan PHP da rarar ayyukan cron da kai kanka in ka shigo dubawa. Da 20 a FPM, 151 ta ishe ka har da sauƙi. Kada ka taɓa ta.

Wani zai ce maka ka bar Apache kawai ka koma Nginx, wata manhajar sabar mai aiki irin na Apache. Ba mummunar shawara ba ce, amma ka san abin da za ta ba ka. Dan Kegel ya yi rubutu a 1999 kan yadda sabar ɗaya za ta riƙe haɗi dubu goma, abin da aka sani da C10K, kuma Nginx da Igor Sysoev ya fitar a 2004 an gina shi ne tun tushe a kan amsar wannan tambayar: furoses kaɗan, yawanci ɗaya ga kowane kor in ka sa `worker_processes auto`, kowanne na juya dubban haɗi ba tare da ya tsaya jiran ko ɗaya ba. Wajen riƙe haɗi ya fi event sauƙin nauyi. Amma PHP-FPM ɗin da ke bayansa shi ne dai, da ma'aikata 20 ɗinsa. In can ne matsalarka, canjin suna kawai ka yi. In ka koma, ka kula da worker_connections: asalinta 512, fayil ɗin Ubuntu ya sa 768, kuma tana ƙirga haɗin mai ziyara da kuma haɗin da Nginx ya buɗe zuwa baya, don haka buƙata ɗaya da aka miƙa wa FPM gurbi biyu take ci.

A ƙarƙashin duk wannan akwai iyakokin tsarin aiki. Kowane haɗi da kowane fayil da aka buɗe yana cin lambar riƙo ɗaya, kuma iyakar da furoses ke tashi da ita sau da yawa 1024 ce. In ta cika za ka ga "Too many open files". A hidimar da systemd ke tayarwa, buga `ulimit` a tagar umarninka ba ya canja komai. LimitNOFILE ake sawa a saitin hidimar, a Nginx kuma akwai worker_rlimit_nofile. Ka duba /proc/lambar-furoses/limits don ka ga abin da ke aiki a zahiri. Sai layin jira na kanel, inda haɗi ke tsayawa in ma'aikata sun ƙare. Apache na neman 511 ta ListenBacklog, Nginx ma 511 a Linux, amma kanel na yanke shi zuwa net.core.somaxconn, wadda take 128 kafin Linux 5.4, ta koma 4096 daga nan. `ss -lnt` zai nuna maka: a soket mai sauraro, Send-Q girman layin ne, Recv-Q kuma yawan waɗanda ke tsaye a ciki yanzu. Recv-Q da ke tashi ta sauka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu lafiya ce, aikin layin ke nan, ya shanye turuwar ɗan lokaci. Wadda ta hau ta zauna kuwa, tsawaita layin ba zai taimaka ba. Wanda ya yi daƙiƙa talatin a layi ya riga ya tafi, in layi ya zo kansa aikin banza za a yi wa wanda ba ya nan. Gara a ce masa 503, wato sabar ba ta da sarari yanzu, da wuri.

Game da ƙayyade haɗi ga kowane adireshin IP, kamar limit_conn da limit_req na Nginx, yana da amfani a kan manhajojin da ke yawo suna kwasar shafuka ba ƙaƙƙautawa, amma a yi shi da lura. Kamfanonin waya sukan fitar da dubban mutane ta adireshi ɗaya, in ka ce haɗi 5 kacal, mutanen kirki za ka kora. In kuma akwai CDN a gabanka, wato hidimar da masu ziyara ke bi ta kanta kafin su iso sabarka, duk jama'a da adireshinsa za su bayyana, sai ka saita mod_remoteip ko realip kafin iyakar ta yi ma'ana. Ni nakan fi tsananta iyaka a wurare masu tsada kawai, kamar shafin shiga da na bincike, in sassauta a sauran.

Duk lambobin da na ba ka mafari ne, gwaji ne zai tabbatar da su. Daga wata na'ura dabam, ba daga sabar kanta ba, ka buga `ab -n 2000 -c 10`, wato buƙata 2000, goma-goma a lokaci guda, a kan shafin PHP na gaske, ba hoto ba. Sake da 20, da 40, da 80. Rubuta abu biyu kowane zagaye: buƙatu nawa a daƙiƙa, da lokacin da kashi 95 na buƙatun suka ƙare a cikinsa. Za ka ga lambar farko na hawa, sai ta kai wani wuri ta tsaya, ta biyun kuwa ta ci gaba da hawa. Wurin da ta tsaya ɗin nan shi ne ƙarfin na'urarka, kuma pm.max_children a kusa da nan ya kamata ta zauna. Yayin gwajin ka buɗe `vmstat 1` a wata taga. Ginshiƙan si da so, masu nuna shiga da fita daga suwaf, su zauna a sifili. Da sun fara motsi, ka wuce gona da iri, ka rage. Sannan ka tura da gangan fiye da ƙarfinta, 300 ko 500, don ka ga yadda take faɗuwa. Abin da kake so shi ne jinkiri da 'yan kurakurai, SSH na shiga, MySQL na raye, kuma da ka janye lodin ta dawo hayyacinta da kanta.

In yawancin masu ziyararka karatu kawai suke yi ba sa shiga da kalmar sirri, kash ɗin shafi gaba ɗaya zai sauko da daƙiƙa 0.3 ɗin nan zuwa 'yan milidaƙiƙa, kuma ka koma ga lissafin Little ka ga ma'aikata nawa za su rage a kan aiki. Ka tabbata OPcache ma na kunne.

In ka yi duk wannan, /fpm-status ya ci gaba da nuna active processes a kan 20, idle processes kuma a sifili, kada ka taɓa 20 ɗin tukuna. Turo mini layuka hamsin na ƙarshe na slowlog, da abin da `SHOW FULL PROCESSLIST` ya nuna a MySQL a daidai lokacin cunkoson, da hoton `top`. In CPU ya cika maƙil, ko dai a gyara manhajar ko a ƙara kor. In CPU na hutawa ma'aikata kuma sun ƙare, akwai abin da suke jira, kuma sunansa na cikin slowlog ɗin.